Ƙara yawan banadiyam a ruwan batir mai gudana: riba ko asara?

Sadiƙu: Assalamu alaikum. Tambayata ga masana batir mai ruwan gudana ce, irin wanda ake ajiye ruwansa a tanki biyu, famfo yana tura shi ta cikin jerin gidajen batir, wato ƙananan ɗakunan da ake caji da sauke wuta a cikinsu. Mu ƙaddara ga batirin banadiyam, ruwansa ɗauke da banadiyam mol 1.6 a kowace lita kamar yadda aka saba sayarwa (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari). Idan aka ɗaga shi zuwa mol 2 ko 2.5, lissafi ya nuna tankin zai ɗauki wuta fiye da da. To ingancinsa ma zai ƙaru? Idan kuwa haka ne, me ya hana masu ƙerawa yi tun tuni?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, ƙanina. Yawan wutar da tanki ke ɗauka daban, yawan wadda ke dawo maka cikin abin da ka zuba daban. Shi ingancin ma kashi uku ne.

Akwai ingancin caji: amfiya-awa nawa suka fito cikin waɗanda suka shiga. A batirin banadiyam mai lafiya yakan kai kashi 95 zuwa 98 cikin 100. Akwai ingancin bolt: matsakaicin bolt lokacin sauke wuta a raba da na lokacin caji. Idan ka ninka biyun, ka samu ingancin makamashi na jerin gidajen, wanda yawanci ke tsakanin 75 da 85. Daga nan sai ka cire abin da famfo ya ci, da na'urar sanyaya, da inbata. Abin da ke isa ga mai amfani sau da yawa 65 zuwa 75 ne.

Ƙara banadiyam yana taɓa kowane ɗaya cikin waɗannan, kuma ba duka ta fuskar alheri ba.

Dakta Hauwa: Bari in ɗora lissafin tankin tukuna. Mol ɗaya na ilaktiron daidai yake da amfiya-awa 26.8. Mol 1.6 ke nan ya ba ka kusan 43 a lita. Amma tanki biyu ne ke aiki tare, don haka raba biyu: 21 da ɗoriya a kowace litar ruwan gaba ɗaya. Ninka da bolt 1.3, ka samu wat-awa 28. Ba a cika shi fal, ba a kuma sauke shi ƙaf. Idan ana aiki tsakanin kashi 20 da 80, abin da ya rage wat-awa 17 ne a lita. A mol 2 zai koma 21. Ribar ke nan, kwata ɗaya.

Yanzu ga kuɗin da za a biya. Banadiyam yana zama a matakai huɗu cikin ruwan nan, kuma da ido ake gane su: V2 shunayya, V3 kore, V4 shuɗi, V5 ruwan ɗorawa. Biyun farko a tankin negatif, biyun ƙarshe a fositif. Matsalar ita ce ba halinsu ɗaya ba. V2 da V3 da V4 sanyi suke ƙi, kuma idan salfet ta yi yawa sai su fito a matsayin gishiri su kwanta. Shi kuwa V5 zafi yake ƙi, kuma yana son asid da yawa. Da ruwan ya haura digiri 40 na Salshiyas yana cike da caji, sai V5 ya fara haɗewa ya zama V2O5, wata laka ja-ja mai toshe bututu da soson kabon da ruwan ke ratsawa cikin gidajen. Ka ƙara asid don kare V5, ka cuci ukun. Ka rage, ka cuci V5. Gaba kura, baya sayaki. Mol 1.6 na banadiyam da jimillar salfet mol 4 zuwa 5 shi ne wurin da aka yi sulhu, kuma shi ya haifar da iyakar digiri 10 zuwa 40 da ake rubutawa a takardun batirin.

Sadiƙu: Dakta, idan lakar ta fito saboda zafi, ba sai a sanyaya ruwan ta narke ba?

Dakta Hauwa: Ina! Wannan ba irin gishirin da ke narkewa da sauyin zafi ba ne. Ayon ɗin V5, wato ƙwayarsa mai caji, ya saki furoton, ya saki ruwa, ya manne da 'yan'uwansa. Sanyi ba ya kwance wannan ɗauri. Sai an saukar da shi zuwa V4, galibi ta hanyar zagayo da ruwan tankin negatif ta cikin wurin da ya toshe, V2 da V3 su ba shi ilaktiron. Idan hanyar ta riga ta toshe ruf, ruwan ba zai kai gare shi ba, sai kwancewa.

Kuma ba nan take yake fitowa ba, yana da lokacin jira. Gwargwadon zafi da cikar caji da yawan banadiyam, lokacin yana gajarta. Shi ya sa manhajar kula da batir takan rage iyakar caji idan zafin ruwan ya hau. Wuri mafi haɗari shi ne cikin jerin gidajen bayan an kashe famfo batir yana cike: ruwan da ya maƙale ciki yana cin kansa ta tantanin da ke raba ɓangaren negatif da na fositif, yana fitar da zafi, babu gudu da zai kwashe zafin. Tanki na iya nuna digiri 35 alhali cikin gidajen ya wuce haka nesa.

Auwalu: Ni dai ina ganin an cika tsoro. A 2011 ɗakin binciken PNNL na Amurka ya fitar da ruwan da aka gauraya asid na salfa da na kulorin. Banadiyam ya kai mol 2.5, yana aiki daga digiri 5 ƙasa da sifili har 50, kuma makamashin da lita ke ɗauka ya ƙaru da kusan kashi 70. Kulorid yana riƙe V5 ya hana shi haɗewa. Ashe maganin yana nan.

Injiniya Bala: Yana nan, Malam Auwalu, amma da nasa haraji. Kulorid yana komawa iskar kulorin a bolt 1.36 a ma'aunin da V5 ke kan 1.00. Tazarar ba ta da yawa. Gida ɗaya cikin jerin ya samu ƙarancin ruwa lokacin caji, bolt ɗinsa ya yi tsalle, sai kulorin ta taso. Ga tururin asid ɗin da ke cin ƙarfe, ga buƙatar roba da gasket masu jure shi, ga na'urar wanke iskar da ke fita daga tanki. Da yawa sun gwammace su zauna kan salfet zalla, su zuba ɗan asid na fosfarik, kamar mol 0.05 zuwa 0.1, wanda ke tsawaita lokacin jiran lakar.

Sannan tambayar Sadiƙu kan inganci ce. Ga abin da ke faruwa da bolt. Duk banadiyam da ka ƙara yana kama salfet, yana rage furoton masu yawo, alhali su ne masu ɗaukar wuta cikin ruwan da cikin tantani. Ruwan kuma yana ƙara kauri. Dama can ya ninka ruwan sha kauri sau da dama. Turjiya ta hau ke nan.

Mu sa lamba. A rabin caji gida ɗaya yana ba da kusan bolt 1.4 ba tare da kaya ba. Ɗauki turjiya om 1.5 a kan santimita murabba'i, wuta miliamfiya 80 a santimita murabba'i. Asarar bolt 0.12 ce. Caji a 1.52, saukewa a 1.28, ingancin bolt kashi 84. Idan kaurin ruwa ya tura turjiyar zuwa 1.8, asara ta zama 0.144, inganci ya sauko kusa da 81. Maki uku sun tafi, ba a ma zo kan famfo ba.

Rabi'atu: Injiniya, a nan ban yarda gaba ɗaya ba. Famfo ba kauri kaɗai yake gani ba. Ruwa mai banadiyam da yawa yana kai ayon da yawa a kowace lita, don haka ana iya rage gudunsa. Gida mai jan amfiya 100, a mol 1.6, caji ya kai kashi 80: abin da ya rage na karɓar caji mol 0.32 ne a lita, mafi ƙarancin gudu ya zama lita 0.19 a minti. A aikace ana ninkawa sau 6 zuwa 8 don kada ƙarshen soson ya ji yunwa, wato lita 1.2 zuwa 1.5. A mol 2 wannan duka ya ragu da kashi 20. Ƙarfin da famfo ke ci kuwa gudu ne a ninka da matsi, kuma cikin soso shi matsin kansa yana bin gudu. Ka rage gudu da kashi 20, ƙarfin ya ragu da kashi 36 idan kauri bai canza ba. Sai kaurin ya ƙaru da fiye da rabi kafin a yi asara.

Injiniya Bala: Lissafinki daidai ne, Malama. Abin da zan ƙara shi ne kaurin ba ya hawa a miƙe, daga mol 2 zuwa sama hawansa yana tsananta, musamman da sanyi, kuma tankin negatif da aka sauke, mai cike da V3, shi ya fi kauri. Sannan ayon yana tafiya a hankali cikin ruwa mai kauri, sai ka ga dole ka ɗaga ninkin nan don kai shi fuskar zaren kabon. Abin da ka samu ta dama ya fita ta hagu. Amma na karɓa, a zafi madaidaici famfo ba shi ne babban mai laifi ba.

Dakta Hauwa: Akwai inda ba a taɓa ba, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara a tsawon shekaru: tantani, da daidaiton tankunan biyu.

Tantani irin Nafion an yi shi don furoton su wuce, amma ayon ɗin banadiyam ma masu cajin fositif ne, suna silalewa. Kowane V2 da ya tsallaka yana cinye V5 biyu, su zama V4 uku. Kowane V5 da ya tsallaka yana cinye V2 biyu. Wuta ce aka zuba ta zama zafi, ita ke rage ingancin caji. Idan ka ƙara yawan banadiyam, ka ƙara abin da ke tura su. Tantani mai kauri irin Nafion 117, kusan maikiron 180, yana rage tsallakawa ya ƙara turjiya. Siriri irin 212, kusan maikiron 50, akasin haka.

Yawan wutar ma haka yake. A lissafin Injiniya, sauko zuwa miliamfiya 40: ingancin bolt ya kai 92, amma zagaye ya ɗauki lokaci ninki biyu, tsallakawa ta samu sarari, ingancin caji ya faɗi. Haura zuwa 160: ingancin caji ya gyaru, na bolt ya faɗo 71. Duk wanda ya faɗa maka ingancin ruwan batir bai faɗi yawan wuta da zafi da irin tantani ba, bai faɗa maka komai ba.

Alherin banadiyam, wanda ya sa aikin Maria Skyllas-Kazacos a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya a shekarun 1980 ya yi tasiri, shi ne sinadari ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Tsallakawa ba ta gurɓata ruwan. Ka haɗa tankunan, ka raba daidai, ka sake caji.

Sadiƙu: To idan haɗa tankunan yana gyarawa, me ya sa wasu batiran ƙarfinsu ke ci gaba da raguwa ko bayan an haɗa?

Dakta Hauwa: Ruwa ba ya tsami banza. Rashin daidaito iri biyu ne. Na farko ƙaura ce: banadiyam da ruwa sun taru a tanki ɗaya, da Nafion yawanci fositif ke cika. Haɗawa tana maganin wannan. Na biyu ilaktiron ne suka fice daga tsarin baki ɗaya, ta hanya biyu. V2 yana kan bolt 0.26 ƙasa da sifili, ƙasa da inda haidurojin ke tasowa, don haka kusa da cikar caji wani ɓangare na wutar yana tafiya wajen yin iskar haidurojin maimakon yin V2. Hanya ta biyu iska ce: oksijin ya shiga tankin negatif, ya mayar da V2 zuwa V3 nan take. A duka biyun, fositif ya yi caji, negatif bai yi ba.

Sabon ruwa rabinsa V3 ne rabinsa V4, matsakaicin mataki 3.5. Idan ya gusa zuwa 3.6, kamar ba komai, amma ma'anarsa fositif ya riga negatif da kashi 20 na caji. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin batirin ya tafi. Haɗawa ba ta sauya matsakaici. Mafi muni, fositif yana kaiwa kusan V5 zalla a kowane caji, wato kana tura shi inda laka ke jira, kuma bolt ɗin da ke kan soson fositif yana kaiwa inda kabon ke cinyewa ya zama CO2. Dalilin da ya sa ake tsayar da caji wajen bolt 1.6 a gida ke nan.

Malam Nasiru: Kuma ƙaramin gidan da ake sawa don auna bolt ba tare da kaya ba, ba ya tona wannan. Bambancin tankunan biyu kawai yake gani. Fositif a 90 da negatif a 70 zai karanta kusan abin da zai karanta idan duka suna 80.

Yadda ake ganowa: ɗebi ruwa daidai wa daida daga kowane tanki, ka gauraya, ka tsarma da asid na salfa. Ɗiga ruwan famanganet, sinadarin da ke ɗaga matakin banadiyam, wanda aka san ƙarfinsa, kana bin bolt ɗin da ilaktirod. Za a yi tsalle biyu. Abin da aka ɗiga kafin tsalle na farko shi ne V3 da ya koma V4. Abin da aka ɗiga tsakanin na farko da na biyu shi ne jimillar banadiyam yana komawa V5. Raba na farko da na biyu, cire daga 4. Idan na farko rabin na biyu ne, kana kan 3.5. A lura, idan tankunan ba su kai juna cika ba, a ɗebi samfurin gwargwadon cikar kowanne, in ba haka ba lambar za ta yi ƙarya.

Rabi'atu: Ga gyaran da asid na okzalik. Mol ɗaya nasa yana saukar da V5 mol biyu zuwa V4, shi kuma ya tashi a CO2 da ruwa, bai bar komai a baya ba. Tankuna masu lita 1000 kowanne, mol 1.6, matsakaici 3.6: V5 da ya yi rara mol 320 ne. Okzalik mol 160 ke nan. Mai ɗauke da ruwa biyu nauyinsa giram 126 a mol, jimilla kilo 20 da 'yan kai.

A zuba a tankin fositif kaɗai, lokacin da V5 ke da yawa. A zuba kaɗan-kaɗan, kamar kwata a kowane karo, mafitar iska a buɗe, don kumfa tana tasowa. A zafin ɗaki aikin yana jan ƙafa, ya ɗauki sa'o'i masu yawa. Wanda ya yi gaggawar aunawa zai ɗauka bai isa ba, ya ƙara, ya zarce ƙasa da 3.5. Kada a tura ruwan cikin jerin gidaje kumfa ba ta lafa ba, iskar tana maƙalewa a soso ta rufe fuskar aiki. Bayan nan a sake gwajin famanganet. Akwai kuma hanyar lantarki, da gida na musamman da ke mayar da ilaktiron ba tare da zuba komai ba, manyan tashoshi sun fi jin daɗinta.

Auwalu: Duk wannan wahalar ita ta sa nake ganin batirin baƙin ƙarfe zalla ya fi. Ruwan gishirin ƙarfe ne da kulorid, bolt 1.21, babu asid mai zafi, kayan kuma ko'ina akwai.

Malam Nasiru: An gudu ba a tsira ba, ɗan'uwa. Ƙarfe yana kwanciya a ilaktirod a bolt 0.44 ƙasa da sifili, ya fi V2 nisa, haidurojin ta fi yawa. Duk haidurojin da ta tashi ta tafi da furoton, pH ya hau, wato tsamin ruwan ya ragu, kuma wajen pH 3 zuwa sama ƙarfe mai caji uku yana zama laka mai tsatsa a cikin tantani. Ka sauke pH don hana laka, haidurojin ta ƙaru. Shi ya sa kamfani irin ESS ke haɗa na'urar da ke kama haidurojin ta mayar da furoton cikin ruwan. Ingancin caji a wannan tsarin ya dogara da wannan na'urar.

Batirin ƙarfe da kuromiyam, wanda NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi aiki a kansa a shekarun 1970, bolt 1.18 ne. Ciwonsa kuromiyam mai caji uku: a zafin ɗaki yana naɗe kansa da ƙwayoyin ruwa shida, ya ƙi karɓar ilaktiron. Sai an ɗaga zafi wajen digiri 65, a kuma shafa ɗan bismat a soson. Dubi abin mamaki: zafin da ke kashe banadiyam shi ke tada kuromiyam.

Na zinki da buromin ya fi su bolt, kusan 1.8, kuma bolt mai yawa yana taimakon inganci, don asarar 0.12 a kan 1.8 ba ta kai zafin ta kan 1.2 ba. Amma buromin yana tsallakawa ya ci zinkin, dole a zuba gishirin da ke kama shi ya zama wani mai-mai a gindin tanki, kuma zinkin yana fitar da ƙayoyi masu huda tantani idan ba a riƙa sauke shi ƙaf lokaci-lokaci ba.

Sadiƙu: Na kuinon fa, ƙwayoyin nan na haɗin kabon da ake sawa a madadin sinadaran ƙarfe, wanda ƙungiyar Michael Aziz ta Jami'ar Harvard ta fitar a 2014?

Dakta Hauwa: Suna da saurin musayar ilaktiron, kuma girmansu ya sa ba sa tsallaka tantani da sauƙi, ingancin caji yakan yi kyau ƙwarai. Rauninsu wani ne: ƙwayar kanta tana lalacewa. Banadiyam sinadari ne na asali, ko me aka yi masa yana nan. Kuinon da ya ruguje ba a haɗa tanki a dawo da shi kamar yadda ake yi wa banadiyam. Ga ƙarancin narkewar ferosayanaid da ake haɗa su da shi a ruwan alkali, wajen rabin mol.

Injiniya Bala: Mu dawo kan banadiyam, akwai abin da masu sayen ruwa ke rainawa: datti. Jan ƙarfe, nikel, da dangin filatinam ko da ɗan mitsitsi ne, suna kwanciya a soson negatif su zama mazaunin haidurojin. Fitin ɗin tagulla guda ɗaya da ya taɓa ruwan ya isa. Amoniyam da fotasiyam kuma suna gaggauta lakar V5. Sau da yawa a ga inganci ya faɗi a zargi tantani, alhali ruwan ne. Alamar ita ce ingancin caji yana raguwa kusa da cikar caji kawai, iskar da ke fita daga tankin negatif tana ƙaruwa.

Shi ma soson yana da hannu. Tsohuwar hanyar gyara shi ita ce gasawa cikin iska a digiri 400 na tsawon awa 30, don ruwa ya kama shi, musayar V2 da V3 ta yi sauri. Da shekaru wannan gyaran yana gogewa a ɓangaren negatif, turjiya ta hau sannu a hankali.

Sadiƙu: Na gode ƙwarai, malamaina. Tambaya ta ƙarshe: iskar da ake rufe tankin negatif da ita don hana oksijin shiga, dole sai agon, ko naitirojin ya wadatar? Kuma a rufe tankin ruf?

Rabi'atu: Naitirojin ya wadatar, ba ya taɓa V2. Kada a rufe ruf. A bar matsi kaɗan sama da na waje, da bawul mai saki, domin ruwan yana hawa da sauka da zafi da ƙaura, haidurojin kuma tana taruwa a saman tanki. Daga kashi 4 cikin 100 a iska take kamawa da wuta. Mafitar ta fita waje, ta bi ta tarkon ruwa don kada iska ta dawo ta baya. Idan akwai bututun da ke haɗa saman tankunan biyu, to fositif ma a rufe shi da naitirojin ɗin, in ba haka ba ta nan oksijin zai zagayo.